Taku Goma Sha Huɗu

Bara taku goma sha tara ne
daga bencin Norman zuwa bakin gaɓa.
Yau da asuba na ƙirga sha huɗu.
Na sake ƙirgawa da gajerun taku,
kamar mai awon hatsi yana danne mudu,
teku ta yi mini dariya daga ƙasa.

Ni ke yanke ciyawar wannan fili
a gefen Withernsea, inda ƙasar laka ce,
irin ta gina tukunya, sai dai ba ta riƙe amana.
Sama lilo ne da furanni da karnuka masu riga.
Ƙasa kuwa juji ne.
An rufe shi tun ba a haife ni ba,
aka shimfiɗa masa kore, aka ce ya yi barci.

To, ya farka.
Duk daren da iska ta taso daga gabas
sai gaɓa ta ɓalle, hanjin ƙasa ya fito:
tayar mota, murfin firji,
batir mai zubar da farin miyau,
guntun rufin da aka ce kada in shaƙi ƙurarsa,
takalmin yaro, ƙafar hagu kaɗai.
Ran Talata na tsinci ledar burodi
da farashinta a jiki, sule da kwabo,
kuɗin da kakana ya yi ciniki da su a Funtuwa.
Kakana ya zama ƙasa.
Ledar ko yamutsewa ba ta yi ba.

An kira taro a zauren majalisa,
shayi ya huce, taswira ta cika bango.
Mista Pickersgill ya faɗi adadin fam,
sifilin ya jeru kamar ƙwan zabi,
aka yi tsit.
Majalisa ta ce nauyin gwamnati ne.
Wasiƙar gwamnati ta ce a nemi mai fili.
Kamfanin da ya binne kayan ya mutu,
bai bar magaji ba, sai mu.
Aka ba da kuɗin bincike.
Binciken ya gano akwai shara.

Na so in ɗaga hannu in ce musu
barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa,
na rasa yadda zan juya maganar
ta shiga kunnensu da tufafinta.

Doreen ce ta miƙe, da sandarta,
shekara tamanin da ɗaya, murya kamar zare.
Ta ce, babana ne direban motar.
Ina zama gefensa ranar Asabar,
in ja ƙarfen, kayan su zube, in yi tafi.
Ta buɗe jaka, ta ajiye fam biyar kan tebur.
Ba wanda ya yi dariya.
Ba wanda ya san aljihun da za a sa ta.

Da bazara amsa ta zo:
an amince da rabi,
sauran sai kasafin baɗi.
Za a kwashe daga lilo zuwa shinge,
abin da ke bayan shinge ya yi haƙuri.
Na karanta wa teku takardar da ƙarfi,
ba ta san rabi ba, ba ta san baɗi ba,
ta lashi gindin gaɓa ta koma ta dawo.

Yanzu motocin tono suna gurnani a kudu,
masu fararen kaya suna cika buhuna.
A arewa ni ne, da shebur da igiya,
ina tumɓuke shinge ina ja da shi baya.
Gobe zan kwance bencin Norman.
Doreen ta ce in matsar da shi, amma kaɗan,
wai mutumin yana son jin ruwa kusa.