Tsuntsun da ke Cikin Kan Baba

Shekara arba'in Baba Arzika na duban ƙasa,
ba don kunya ba, sana'a ce:
fatar jar akuya a cinya, basilla a hannu,
yana fitar da tauraro a bakin jaka.
Ran da idonsa ya ƙi sauka kan ɗinki
muka ce tabarau ne ya tsufa.
Ran da ya faɗi ta baya a ƙofar masallaci,
a sandare, kamar azarar da gara ta cinye,
muka ce santsin ruwan alwala ne.

Maƙwabcinmu Modi mai awo,
tun bara waccan hannunsa ke rawa,
tiya na kaɗawa, gero na zuba, kaji na godiya.
Aka ba shi ƙwaya, rawar ta lafa,
ya koma rumfa yana musu da masu saye.
Muka duba: tafiyarsu guda, ƙafa na jan ƙasa,
fuska ta daskare ko ana raha.
Wata bakwai Baba na haɗiyar irin ƙwayar Modi,
muna ɗibar ruwa da kwando.
Har na zarge shi da tofarwa a bayan tabarma.
Allah ya yafe mini wannan.

Ranar Talata muka sauka Gawon Nama da sassafe.
Labbo mai kula da na'ura ya ce a cire duk wani ƙarfe:
zobe, agogo, makullin rumfa,
sai ga allura a naɗin hula,
ta shekara nawa a nan, shi ma bai sani ba.
Gado ya zarce da shi cikin farin kogo,
ƙafafunsa kawai nake hange ta gilashi,
da kaushin da Inna ke shafa wa man kaɗe.
Na'ura ta kama daka, turmi goma a gida ɗaya.
Da ya fito ya ce, a hankali, kalma na jan kalma:
"Matan ga sun iya lugude."

Dakta Luba ta juyo da allo.
Ga kan mahaifina a tsage kamar goro,
fari da baƙi, ba jini, ba wuƙa.
Na nemi Fatiha a ciki, na nemi sunana,
na nemi bashin da yake bin Gado, ban gani ba.
Ta sa bakin biro can ƙasa,
inda ƙwaƙwalwa ke tsuke ta gangara wuya.
"Mai irin ciwon maƙwabcinku, nan a cike yake.
Dubi nasa. Ya rame."
Na duba, sai ga ɗan tsuntsu a tsaye,
ƙaramin kai, siririn baki,
kamar zai tsotsi fure.

Baba ya ce: "Mi kig gani, ɗiyata?"
Ta ce: "Hoto shi kaɗai ba alƙali ba ne, shaida ne.
Na haɗa shi da faɗuwar baya,
da idon da ba ya sauka,
da ƙwayar da ta ƙi ci.
Kama da wane ba wane ba ne, Baba.
Ciwonka daban."
Ta faɗi sunansa, dogo, na Turawa.
Na tambayi magani. Ta ɗan yi shiru,
kuma shirun bai yi mana ƙarya ba.

Mun dawo da takarda, ba mu dawo da waraka ba.
Amma yanzu a bayansa nake tafiya, ba a gefe ba.
Kunu ya yi kauri don kar ya shaƙe.
Akushi ya hau kan kujera, daidai ƙirji.
Na daina ƙirga ƙwaya, na daina leƙen tabarma.

Jiya na ɗinka jaka, tauraro a baki,
na rataye ta a ƙusa, daidai idonsa.
Ya daɗe yana kallo, ba ƙiftawa.
Can ya ce: "Ɗinkin ga ya karkace."
Na warware.
Modi na ta musu a waje kan tiya biyu.