Mabuɗin Safta

A kafaɗar kowane kurtu na bataliyar dutse
akwai baƙin kyarkeci da mabuɗi a baki,
ƙarƙashinsa farin zare, layi uku.
Ni ke ɗinka su, shekara talatin da ɗaya ke nan,
a shagon bayan bariki,
inda duwatsun Maramuresh ke haɗiye rana tun la'asar.

Ranar rantsuwa Kanar kan gyara murya:
kyarkeci jarumta ne,
mabuɗi na ƙofar ƙasa ne, a hannunmu yake,
farin layi kuwa tsarkin zuciya.
Yara su tafa.
Ni in sunkuyar da kai, in tsinke zare da haƙori.

Kakana, Saje Tudose, shi ya zana shi
a bayan kwalin taba, da gawayin murhu.
Ya ce dusar ƙanƙara ta toshe musu hanya,
su arba'in ba biyu, a wani kangon coci.
Mako uku. Ga layukanku nan.
Sun cinye alfadari, sun fara kallon takalma.

Sai ga wani kare, gurgu, kunne ɗaya a kwance,
da mabuɗi ɗaure a wuya.
Suka bi sawunsa har gidan Safta,
tsohuwar da ƙafa ta kwantar.
Ta nuna ƙofar ɗakin ƙasa da haɓa:
dankalin iri, cuku, buhun masara biyu da rabi.
"Ku ci. Wanda ya ga bazara ya yi shuka."
Ita ba ta gan ta ba.

Zane ya je babban birni, hafsoshi suka taɓe baki.
Kare a kafaɗar soja?
Suka wasa masa haƙora, suka miƙe ƙafar,
suka cire mabuɗi daga wuya suka cusa a baki.
Sunan tsohuwa bai samu wuri ba,
bajo bai fi tafin jariri ba.

Abin da allura ta iya, na yi.
Duk wanda ya fito daga hannuna
kunnen hagu a kwance yake.
Kanar shida sun wuce, babu wanda ya lura.

Sai bara, wani yaro, Anghel, ɗan can saman kwari,
ya juya bajon a tafinsa, ya daɗe.
Ya ce, "Inna, wannan ai Corbu ne."
Ya biya kuɗi, ya manta canjinsa.