Tumbin Kasuwa

Tun kafin ladan ya kira asuba
a wani gari cikin tsibirin Java,
Sarinem kan gifta ganyen ayaba a wuta don ya yi laushi,
ta zuba shinkafa, yaji, gutsuren kifi,
ta naɗe, ta soke da tsinke.
Shekara arba'in da ɗaya
hannunta bai sauya hanya ba.

Ranar da leda ta shigo gari
kamar baƙuwa mai sabon zane,
kowa ya yi mata shimfiɗa.
Aka ce wa Sarinem ta tsufa tun ba ta tsufa ba.
Ta yi shiru. Ganye ba ya gardama.

Baƙuwa ta ci, ta sha, ta ƙi tafiya.
Ta kwanta a magudana, ta rataye a reshen mangwaro,
ta shige cikin akuyar maƙwabci har ta kai ta ƙasa.
Mijin Sarinem ya jefa koma a kogi,
ya jawo nauyi, ya yi murna,
ya buɗe: babu mai numfashi a ciki.
Har ya rasu ruwan bai washe ba.

Bara jikarta Ratri ta dawo daga jami'a
da wata jaka mai santsi, wai da rogo aka yi ta.
Ta tsoma ta a ruwan zafi, ta narke.
Tsohuwa ta dubi kofin, ta dubi yarinyar:
“Shekara huɗu kina karatu
don ki gano abin da ke tsirowa a bayan ɗakina?”

Ratri ta yi dariya, ta ja ta bayan kasuwa,
inda juji yake a da, masarautar ƙudaje.
Yanzu wani ƙaton tulun siminti ne, rabinsa a ƙasa,
bakinsa a rufe.
Wagiman mai shara ke ciyar da shi:
ruɓaɓɓiyar gwanda, ɓawon abarba, kankanar da ta fashe a mota,
har da ganyen da aka suɗe shinkafar Sarinem a kai.
Tulun ya haɗiye, ya yi gyatsa,
gyatsar ta bi bututu
ta fito shuɗiyar wuta a ƙarƙashin tukwane.

Wata uku, sai wutar ta yi ja, ta mutu.
Ashe Wagiman ya juye masa lemo mai tsami, mota guda,
don kada a ce ya yi rowa.
Ratri ta kwana biyu da takardu da ma'auni.
Sarinem ta zo da sandarta,
ta kara kunne a jikin simintin, ta sansana.
“Ɓacin ciki ne,” in ji ta.
“Saniya kuka gina ba ku sani ba.
Ku kawo kashin shanu bokiti goma,
ku bar ta ta huta,
sannan kaɗan-kaɗan, kamar mai tashi daga jinya.”

Ratri ta duba littafinta.
Abin da ya ce ke nan, cikin shafi tara.

Kwana goma sha tara aka yi jira.
A daren na ashirin ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya,
wutar gari ta ɗauke,
gidan mai unguwa duhu, banki duhu,
sai kasuwa kaɗai ke haske
da gwandar da kowa ya toshe wa hanci.

Wagiman ya tsaya ƙarƙashin fitila, tsintsiya a kafaɗa,
yana kallon ƙwari suna zagaye ta.

Sarinem ba ta ɗaga kai ba.
Akwai ƙunshi saba'in da ba ta naɗe ba.
Ta gifta ganyen yau a kan wutar ganyen jiya,
ta ce wa jikarta ta miƙo tsinke.