Wane Ne Babba?

A Gdansk, hawa na huɗu,
dusar ƙanƙara na lasar taga,
Bogumil na zaune gaban allo biyu
kamar mai raba gardamar tagwaye.

Tun safe agogo ya yi ƙaura hagu,
zanen jirgin ruwan da ya kwana yi
ya buɗe can inda wuya ke ciwo.
Kibiya ta bi gefe, ta ɓace.

Ya danna, lambobi suka fito:
ɗaya kan ƙaramin mai tsaga,
biyu kan sabon da kamfani ya sayo.
Na'ura ta ce: zaɓi babba.

Shayi ya huce.
Mai tsagar nan na Halina ne,
a kansa ta koya masa aikin.
Ya bar masa girmansa,
ya karkata kujera hagu.