Rabin Buhu

Shekara ashirin da shida a Ashaka
ina ɗora buhu a bayan tirela,
har ƙura ta yi gida a ƙirjina,
ban taɓa kwaɓa ko cokali guda ba.
Abin da na ɗauka ya zama gada,
ya zama bene a garuruwan da ban taka ba.
Ni kuwa na dawo Bajoga da tari
da takardar sallama a cikin leda.

Rabin buhu ya rage a zaure
bayan Gidado birkila ya ɗinke katangar da ruwa ya ci.
Dudu ta ce, "Sayar da shi kafin ya daskare."
Na ce to.
Ban sayar ba.

Hansatu jikata ce ta tayar da zancen.
Ɗoɗɗoyarta tana cikin gwangwanin madara,
kaji sun kifar da ita sau uku a mako.
"Kaka, yi mini tukunya
wadda zakara ba zai iya turewa ba."

Muka gangara kwari da tsohon kwano,
inda damina ke ajiye yashi mai kaifi.
Ta tankaɗe shi da rariyar kakarta,
maganar da har yau ba ta mutu ba a gidan nan.
Mudu ɗaya na siminti, biyu na yashi,
ruwa kaɗan-kaɗan, kamar mai dama fura:
kada ya tsinke, kada ya cije.

Bahon wanki da ya tsage shi ne uwa,
bokitin fenti ɗan da za a goya.
Na shafe su da baƙin mai daga gareji,
na kafa guntun kara a gindi
don ruwa ya sami ƙofar fita.
Na zuba, na danna bokiti, na cika shi da duwatsu,
ita tana bubbuga gefe da muciya,
kumfa na tasowa, tana ƙirgawa.

Da asuba na kasa haƙuri.
Na ja bokiti, baki ya biyo shi,
sauran ya ruguje a hannuna kamar ƙuli-ƙuli.
Hansatu ba ta yi kuka ba. Gara ma ta yi.

Gidado ya leƙo, goro a kunci,
ya yi dariya har ya dafa bango:
"Duk shekarun da ka yi kana goyonsa,
ba ka san yana jin ƙishirwa ba?
Shayar da shi, malam. Rana ba ta gina shi, ruwa ne."

Na biyu muka rufa da jiƙaƙƙen buhu
a inuwar darbejiya.
Ragowar ruwan buta, safe da yamma, nasa ne.
Kwana bakwai ina wucewa ina kawar da kai
kamar mai azumi a gaban mai tsire.

Ran na takwas muka kife baho.
Ta fito.
Bakinta a karkace, gefe guda ya fi kauri,
tsagar bahon ta bar mata zane a ciki.
A leɓenta, inda ban lura ba,
yarinya ta ja sunanta da ƙusa tun yana ɗanye,
wuri ya ƙare mata: HANSA.

Yanzu tana bakin madafa.
Zakara ya hau, ya yi cara, ya sauka,
ko gezau.
Jiya na ga Dudu ta tsinki ganye uku ta jefa a miya,
ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da dare na sa hannu in gwada nauyinta,
ni da na ɗaga dubbai ban san inda suka kwana ba.
Na ɗan jijjiga ta, na bar ta a wurinta.
Wannan kam babu tirelar da za ta zo ɗauka.