Addar Aro

Ina da shekara sha bakwai,
a bayan duwatsun Birni,
Lawali ya ce: ɗaga addar sama, ɗaure fuska.
Addar aro ce ma, ta saran kara.
Ƙyas! Muka yi dariya, muka koma ga shayi.

Wayar ta daɗe da mutuwa.
Lawali, hanyar Agadas ta tafi da shi.

Jiya a ofishin ɗaukar malamai
mutumin ya juyo mini fuskar na'ura,
bai ce uffan ba.
Ga yaron nan, bai tsufa ba,
hannunsa bai gaji ba.

Na dawo a ƙafa ta Kasuwar Dole,
iska na share sawuna a yashi.

Barira ta tarye ni a zaure:
Baba, sun ɗauke ka?