Baƙuwa a Komar Ornella

Asubar Laraba, inda kogin Po ke sauke wa teku gajiyarsa,
Ornella ta ja koma, koma ta ja ta.
Shekara talatin da ɗaya ta san ƙaguwar nan wajen:
koriya, guntuwa, mai tafiyar kunya.
Wannan kuwa awartakinta shuɗi,
kamar ta tsoma hannu a baba, ta mance wankewa.

Ta jefa ta bokiti, ta kira Tiziano,
ɗan ƙanwarta mai karatun halittun ruwa a Ferrara.
Ya ce, ƙirga haƙoran gefen ɓawon.
Tara. Na ƙarshen dogo, tsinke sak.
Ƙafafun baya fa?
Shimfiɗaɗɗu, kamar filafilin jirgi.

Shiru, har tana jin numfashinsa a waya.

"Inna, gidansu can ƙetaren Atlantika ne.
Wataƙila jirgin kaya ya kurɓo kakarta,
ya zo nan ya furzar."

Ta dubi ɓarakar da aka yi wa komarta,
faɗin tafin hannu,
ta birkice baƙuwar da bakin takalmi.
Ƙwai ne cunkus a cikinta, ruwan lemo.

Sunan da ya faɗa, dogo ne, iska ta kwashe rabi.
Ta ce, "Bar wannan. Ana cin ta?"